Yadda ake bin sawun ɓoyayyen nau'i, daga reshen da hawainiya ke kwana zuwa ranar raɗin suna

A arewacin tsibirin Madagaska akwai wata hawainiya da aka ba sunan kimiyya tun 1829, wadda a yau ake kira Furcifer pardalis. Namijin wani gari shuɗi ne, na wani gari ja, na wani kore mai ratsi, amma kowa ya tafi a kan cewa halitta ɗaya ce, riga ce kawai ta bambanta. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Michel Milinkovitch, tare da abokan aikinsu na Madagaska, suka fitar da sakamakon zagayen da suka yi. Sun ɗauki ɗigon jini da hotuna daga hawainiya 324, suka karanta DNA ɗinsu, wato ƙwayoyin gadon da ke cikin jinin, sai ga rassa goma sha ɗaya, kowane reshe da yankinsa, kuma ba su cika barbara da juna ba. Wannan shi ake nufi da ɓoyayyen nau'i: dabbobi biyu ko fiye da ido ke gani iri ɗaya, littafi ya haɗa su a suna ɗaya, alhali zuriyarsu ta rabu tun da daɗewa.

Kada wani ya ɗauka labarin tsibiri mai nisa ne. Kadan da ke kogunanmu da tafkunanmu an daɗe ana kiransa kadan Nilu, sai a 2011 Evon Hekkala da abokan aikinta suka gwada DNA na kadoji masu rai da na gawarwakin kada da mutanen Masar na dā suka busar, suka nuna cewa na Afirka ta Yamma nau'i ne mai zaman kansa, Crocodylus suchus. Kunkurun ruwan nan da ke ɓullowa a kududdufai da damina, wanda daga Sanagal har Afirka ta Kudu ake kira Pelomedusa subrufa, an raba shi gida goma a 2014, namu na yankin Sahel ya koma Pelomedusa olivacea. Guzar Afirka ta Yamma, a binciken da aka buga a 2016, ta rabu da sauran 'yan'uwanta kimanin shekara miliyan 7.7 da suka wuce. Baƙar gamsheƙar kurmi da ake kira Naja melanoleuca ta zama nau'i biyar a 2018. A wannan shekarar ce kuma Jean-François Trape ya fitar da Echis romani daga cikin kububuwar da kowa ke kira Echis ocellatus, kuma yankinta ya haɗa da kudu maso yammacin Chadi da arewacin Kamaru da wani sashe na Najeriya. Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin saran maciji na Kaltungo da damina ya san wannan ya wuce gardamar malamai a kan suna, domin mai haɗa allurar kashe dafi yana bukatar sanin dafin wane maciji ya tatsa, kuma a kan wane ya gwada.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in ka buɗe taswirar wuraren da aka ɗebo samfuran irin waɗannan bincike, sau da yawa za ka tarar da ɗigo-ɗigo a Gana da Sanagal da Kamaru, sai fili fetal daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Difa. Dabbobin suna nan, masu rubutawa ne suka yi ƙaranci. Na rubuta wannan jagora saboda ɗalibin ilmin halittu, da malamin sakandare, da ma'aikacin gandun daji, da duk mai waya da haƙuri. Ba kowa ne zai kai mataki na ƙarshe ba, amma matakan farko su ne ƙashin bayan aikin, kuma su ne aka fi lalatawa.

Mataki na 1: Riƙe dabba ɗaya da tambaya ɗaya

Wanda ya ce zai binciki duk masu jan ciki na jiharsa zai ƙare da kwali cike da kwalabe marasa ma'ana. Zaɓi dabba guda wadda aka ce tana da faɗin yanki, domin a ƙarƙashin irin waɗannan sunaye ne ɓoyayyun nau'o'i suka fi fakewa. Suna ɗaya da ya rufe dabbar bakin hamada da ta kurmi da ta kan dutse mai sanyi abin tuhuma ne.

Sai ka duba abin da zai iya raba zuriya. Manyan koguna kamar Neja da Binuwai suna tare ƙananan dabbobi. Tsaunuka kamar na Jos da Mambila da Abzin tamkar tsibirai ne a tsakiyar ƙasa mai zafi, wanda ke sama ba ya iya saukowa ya tsallaka zuwa wani tsaunin. Akwai kuma sararin busasshiyar ƙasa da ya ratsa Togo da Binin har bakin teku, ya yanke kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Tambayarka ta zama mai iyaka, misali: shin hawainiyar da ke arewa da Binuwai da ta kudu da shi zuriya ɗaya ce? Irin wannan tambaya ce Lotanna Micah Nneji da abokan aikinsa suka yi wa ƙadangare jan gwada a Najeriya, suka buga a 2019 cewa rassansa suna bin yanayin ƙasa, na daji daban, na kurmi daban.

Kafin ka fita, shiga rumbun Reptile Database a intanet, wanda ke ɗauke da nau'o'in masu jan ciki sama da dubu goma sha biyu. Karanta sunan dabbarka, da tsofaffin sunayen da aka taɓa ba ta, da garin da aka kamo ta farko. Rubuta waɗannan a shafin farko na littafinka, za ka dawo gare su.

Mataki na 2: Izini, da sallama ga mutanen gari

Cikin gandun daji na ƙasa kamar Gashaka-Gumti ko Kamuku, sai da takardar izini daga hukumar da ke kula da su. A dajin jiha, ma'aikatar muhalli ko sashen gandun daji na jihar. In samfuri zai ƙetare iyaka, akwai dokar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ta shafi hawainiya da damo da guza da mesa da kada, akwai kuma yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan kayan gado na halittu. Mujallu masu daraja suna neman lambar izini kafin su buga aiki, don haka wanda ya tsallake wannan ya yi aikin baban giwa.

Takarda ba ta wadatar a ƙauye. Ka fara da gidan mai gari ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, domin baƙo da fitila a gonar mutane da dare abin tsoro ne, musamman a wannan zamani. Wurin da babu tsaro kuwa a bar shi har Allah ya kawo sauƙi. Nemi a haɗa ka da sarkin baka ko wani tsohon maharbi, da makiyaya, da masunta. Ka zauna ka tambaya cikin ladabi: "Baba, iri nawa kuka sani? Ta kan dutse da ta fadama duk ɗaya kuke ɗaukarsu?" Mutumin da ya raba damo da guza tun yana yaro yana iya faɗa maka bambancin da littafi bai kama ba. Rubuta sunan da ya faɗa da harshensa, da garin da aka faɗe shi, domin suna ɗaya yakan sauka a kan dabba daban daga gari zuwa gari.

Mataki na 3: Nema

Neman hawainiya da rana wahala ce. Da dare ake samunta. Takan hau can ƙarshen siririn reshe ko kan dogon haki ta kwanta, ta naɗe wutsiya, jikinta ya koɗe ya yi fari-fari, sai hasken fitilar goshi ya nuna ta a cikin duhun ganye. Fara kamar awa ɗaya bayan isha'i, ku tafi aƙalla mutum biyu, kuna tafiya a hankali kuna haska daga gwiwa zuwa sama da kai. Shingen gona, bakin fadama, gonar rama, sabara da geza a gefen hanya, duk wurare ne masu kyau. Damina ta fi rani nesa ba kusa ba. Sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando, domin lokacin da hawainiya ke barci shi ne lokacin da kububuwa ke yawo.

Hawainiya ba ta da dafi. Za ta buɗe baki ta yi huci ta kumbura, iyakarta ke nan, sai ɗan cizo marar illa. Kada ka fizge ta daga reshe, yatsunta za su ji rauni, sa mata sanda a gaba ta hau da kanta. Kowace a saka ta a jakar yadi tata ita kaɗai, a ɗaura ƙyalle a reshen da aka ɗauke ta domin a mayar da ita daidai wurin.

Maganar macizai masu dafi gajeriya ce: in ba a horar da kai ba, kada ka kama. Wanda mota ta take, da wanda manoma suka riga suka kashe, da saɓar da maciji ya bari, sun ishe ka aiki. Ko mataccen ma a juya shi da sanda, domin kan maciji yana iya sara bayan ya mutu.

Mataki na 4: Rubutu da hoto

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aiki ke tsayuwa ko ya rushe. Na sha ganin ɗalibi ya kawo kwalba da nama mai kyau a ciki, in an tambaye shi daga ina, sai ya ce "daga wajen garinmu". Wannan nama ya mutu sau biyu. Duk tsadar na'urar da za ta karanta shi, ba za ta iya gaya maka ta wane gefen kogi aka ɗauko shi ba.

Ba kowace dabba lamba tun kafin ka taɓa ta, misali harufan sunanka da shekara da lambar jeri. Lambar nan ita za ta bi littafi da hoto da kwalba, kuma ba a sake ba wata dabba ita har abada. A ƙarƙashinta rubuta kwanan wata da lokaci, da lambobin GPS, waɗanda wayarka ke bayarwa ko babu sabis. Tsaya a fili har kuskuren ma'aunin ya sauko ƙasa da mita goma, ka rubuta shi ma. Ƙara da tsayin wurin daga teku, da sunan ƙauye mafi kusa da ƙaramar hukuma, da irin itacen da ka same ta, da nisanta daga ƙasa. Da fensir ake rubutu, biro yana narkewa a ruwa da sinadari.

Sai awo. Ma'aunin da kowa ke amfani da shi shi ne daga bakin hanci zuwa mafitar kashi, sannan wutsiya daban, duka da milimita. Wannan ne ma'aunin da ya sa 'yar ƙaramar hawainiya Brookesia nana ta Madagaska ta yi suna a 2021, da aka tarar namijinta baligi milimita 13.5 ne kacal. Ka kuma rubuta mace ce ko namiji. Gindin wutsiyar namiji yakan fi kauri.

Hoto kuwa, a ajiye rula da 'yar takarda mai lambar dabbar a cikin kowane hoto. Ɗauki gefen dama da na hagu, da kai daga gefe, da kai daga sama, da maƙogwaro, da ƙafar baya. Ga dalili. Hawainiyar da aka fi gani a ƙasashenmu uku ce, kuma a ka da diddige ake raba su. Chamaeleo africanus ta Sahel tana da dogon kwalkwali mai tsini a ƙeya. Chamaeleo senegalensis kwalkwalinta a kwance yake, kuma namijinta ba shi da ɗan tsiro a diddige. Chamaeleo gracilis tana da 'yar alamar fata a ƙeya, namijinta kuma yana da tsiron diddige. Wanda ya ɗauki hoto ɗaya daga nesa ya rasa duk waɗannan. In maciji ne, a ɗauki ciki tun daga wuya har ƙarshen wutsiya yadda za a iya ƙirga ɓawon ciki ɗaya bayan ɗaya, da layukan ɓawon da suka zagaye tsakiyar jiki.

A yi hattara da launi. Rikiɗar hawainiya tana bin zafi da sanyi, da fushi, da neman mace. A 2015 ɗin nan dai masu binciken Janiba suka nuna cewa wasu ƙananan ƙyalƙyali ne a cikin fata ke matsewa ko su buɗe, hasken da ke dawowa ya sauya. Saboda haka ɗauki hoto ɗaya tana barci kafin ka taɓa ta, ɗaya kuma da safe a hasken rana bayan ta huce, ka rubuta wanne ne wanne. Hoton hawainiyar da ta yi baƙi don ɓacin rai a hannunka ba shaidar launinta ba ne.

In ka dawo gida, ɗora hotunan a manhajar iNaturalist. Kyauta ce, masana daga ko'ina suna dubawa su gyara suna, kuma bayanan da aka tabbatar suna shiga rumbun GBIF da masu bincike ke ɗiba. Ga dabbar da 'yan kasuwa ke farauta, zaɓi ɓoye ainihin wurin. Wanda ya tsaya a wannan mataki kaɗai ya riga ya cike gurbi a taswira.

Mataki na 5: Ɗibar samfurin DNA

Nama kamar ƙwayar shinkafa ya isa. A ƙadangare da kulɓa ana yanke ɗan bakin wutsiya. A hawainiya kuwa ban yarda da wannan ba, wutsiyarta hannu ce ta biyar kuma ba ta sake tsirowa. Yi amfani da tsinken auduga na asibiti, in ta buɗe baki ka goga shi a cikin kumatunta na daƙiƙa kamar talatin, ka karya kan ka jefa a kwalba. Ɗibar jini sai wanda aka koya wa. A mataccen maciji ko wata dabbar da aka take, yanki tsoka daga wurin da bai ruɓe ba. Saɓa kuma a busar da ita a sa a ambulan na takarda, leda tana sa ta fumfuna.

Sinadarin ajiya shi ne itanol mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin ɗari, yawansa ya ninka naman kamar sau goma. Bayan kwana ɗaya a zubar a zuba sabo, domin ruwan jikin naman ya riga ya tsinka na farko. Sifirit ɗin kemis mai gauraye ba abin dogaro ba ne. Fomalin kuwa, wanda ɗakunan gwaji da yawa na makarantunmu ke jiƙa dabbobi a ciki, yana daddatsa DNA. In za a adana gawar dabba a fomalin, a fara cire naman gwaji tukuna. Sabuwar reza ga kowace dabba, ko a wanke almakashi da bilic a ɗauraye a goge da itanol, in ba haka ba DNA ɗin ta jiya zai bayyana a sakamakon ta yau. Lamba a rubuta sau biyu, a jikin kwalba da kuma a 'yar takarda da fensir a jefa ciki.

Dabba ɗaya daga gari ɗaya ba ta gaya maka komai game da bambanci. Nemi uku zuwa biyar a kowane wuri, kuma yawan wurare ya fi yawan dabbobi a wuri guda amfani. Mafi daraja su ne wuraren tsakiya, inda kake zaton rassa biyu sun haɗu. Busasshiyar hawainiyar da ake sayarwa a rumfar masu maganin gargajiya tana iya ba da DNA, sai dai ba wanda zai rantse maka daga wane daji ta fito, kuma sayenta ƙarfafa kamun ne.

Mataki na 6: Ɗakin gwaje-gwaje

Wannan ne matakin da mutane suka fi jin tsoro, alhali ya fi kowanne tsari. Ana narkar da naman a tace DNA, a sa a na'urar PCR ta ninka wani ɗan yanki sau miliyoyi, a duba ko ya fito, sannan a aika wa kamfanin da ke karanta jerin haruffan A, C, G da T. Jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama a Najeriya suna da na'urar PCR saboda aikin cututtuka da na noma, sai ka nemi malamin da zai ɗauke ka. Yankin da aka fi karantawa shi ne COI, haruffa kusan 650, wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003 a matsayin lambar shaidar dabbobi. A masu jan ciki ana yawan amfani da yankunan 16S da ND2 da ND4. Duba wanda masu binciken dabbarka suka riga suka karanta ka bi shi, in ba haka ba za ka rasa abin kwatantawa. A kowane zagaye a sa kwalba ɗaya mai ruwa zalla. In ita ma ta ba da sakamako, gauraye ya shiga, a sake daga farko.

Mataki na 7: Karanta sakamako ba da gaggawa ba

Liƙa jerin haruffanka a manhajar kwatance ta BLAST da ke rumbun jerin DNA na GenBank, ko a rumbun BOLD, za su nuna maka mafi kusa da shi da yawan kamanninsu. Sauke na 'yan'uwansa duka, ka jera su a manhaja irin MEGA, wadda kyauta ce, ka fitar da bishiyar salsala. Abin dubawa shi ne ko dabbobinka sun taru a reshe nasu, da ko rassan suna bin taswira.

A nan zuciya ke fara rawa, a nan kuma ake yin kuskure. Na farko, GenBank yana cike da jerin da aka liƙa wa sunan da ba nasu ba, don haka kafin ka yarda da suna duba wa ya saka, daga ina, da ko akwai gawar dabbar da aka adana a matsayin shaida. Na biyu, babu wani adadi guda da ke yanke hukunci. Bambancin da ya isa raba nau'i a wani dangi, a wani dangin tsakanin 'yan gida ɗaya ake samunsa. Kwatanta naka da tazarar da ke tsakanin nau'o'in da kowa ya yarda da su a cikin dangin nan.

Na uku ya fi su nauyi. COI da 16S da ND2 duk daga mitokondiriya suke, wani ɗan sashe na cikin ƙwayar halitta, wadda ta wajen uwa kaɗai ake gado. Ka ɗauka kana tsara asalin mutanen gari ta bin uwaye mata kawai, ka ga rabin labari ka samu. In mata suna zama wuri ɗaya maza suna yawo, sai ka ga rassa masu zurfi alhali jini yana gauraya. Dole a ƙara da ƙwayoyin gado na cibiyar ƙwayar halitta, waɗanda ake gado ta uwa da uba, irin su RAG1 da c-mos. In shaidun biyu sun faɗi magana ɗaya, ka fara samun hujja. In ka tarar da rassan biyu a daji ɗaya kuma ba su gauraya ba, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Manhajojin da ke ƙirga maka nau'o'i da kansu suna da halin ɗaukar kowane keɓaɓɓen ƙauyen dabbobi a matsayin nau'i, a riƙa ɗaukar maganarsu a matsayin shawara.

Ka tuna da hawainiyar da muka fara da ita. Duk da jinin dabba 324 da rassa goma sha ɗaya, har yanzu da sunanta ɗaya ake kiranta. A ganina hakan daidai ne har sai an kammala sauran aikin. Reshen da bai samu suna ba ma yana da amfani, domin yana gaya wa hukuma kada ta kwashi dabbobin da aka ƙwace a hannun 'yan fasa-ƙwauri ta sake su a yankin da ba nasu ba.

Mataki na 8: Komawa ga jikin dabba da tsofaffin sunaye

Da DNA ya raba maka gida biyu, koma kan hotuna da awo ka jera su gida-gida. Sau da yawa bambancin yana nan, ba a dai san inda za a duba ba: tsayin kwalkwali, yawan ƙayoyin maƙogwaro, ƙirgen ɓawon ciki, siffar al'aurar namiji, wadda a hawainiya da macizai babbar shaida ce. Kumurcin Naja nubiae, wanda ake samu har a duwatsun Abzin, an ware shi a 2003 bayan an lura cewa wasu da ke gidan namun daji na Landan ba su yi kama da jan kumurcin Gabashin Afirka da aka ɗauke su ba.

Daga nan sai shafin farko na littafinka. Sunan kimiyya yakan rataya ne a kan gawa guda da ke ajiye a wani gidan adana samfura, galibi a Faris ko Landan ko Balin. Reshen da ya haɗa da garin da aka kamo wannan gawa shi ke riƙe tsohon suna. Sauran ma ba lalle su zama sababbi ba, domin doka tana ba tsohon suna fifiko. Sunan suchus na kadanmu Geoffroy Saint-Hilaire ne ya raɗa shi tun 1807. Olivacea na kunkurun ruwa daga 1812 yake. Da aka sake duba hawainiyar tsaunukan Kamaru da iyakar Najeriya, Trioceros wiedersheimi, a 2010, sai aka farfaɗo da sunan serratus na 1922. Rubuta wa mai kula da gidan adanar wasiƙa ka nemi hotunan gawar asali da awonta, yawancinsu suna amsawa.

Mataki na 9: Raɗin suna

Suna ba ya tabbata sai an cika sharuɗɗan dokar sunayen dabbobi ta duniya: a buga shi a inda doka ta yarda, a ayyana gawar asali guda, a faɗi inda aka ajiye ta, a bayyana da kalmomi abin da ya raba dabbar da 'yan'uwanta. Akwai darasi a kan tsakar kurmi Hemidactylus fasciatus. A 2010 Adam Leaché da Matthew Fujita suka nuna da DNA cewa nau'i huɗu ce, suka ba da sunaye, sai wasu masana suka ce sunayen ba su cika sharaɗi ba tunda ba a bayyana siffofin da suka bambanta su ba. Sai a 2014 aka sake aikin da cikakken bayani, sunayen suka zauna, ciki har da Hemidactylus eniangii, wadda aka sa wa sunan masanin Najeriya Edem Eniang.

Wannan ne kaɗai matakin da ke bukatar a kashe dabba, kuma 'yan kaɗan, da izini, ta hannun wanda ya san yadda ake yi ba tare da azabtarwa ba. Kada ka yi shi kai kaɗai, nemi wanda ya taɓa bayyana nau'i a wannan dangi ku haɗa hannu, kuma a yi yarjejeniya a rubuce tun farko a kan sunayen da za su fito a takarda da inda samfura za su zauna. Ka tsaya kai da fata a bar kaso a wata jami'a ta gida, domin ɗalibin da zai zo bayanka kada sai ya nemi biza kafin ya ga hawainiyar garinsu. Jerin haruffan a saka su a GenBank tare da lambar dabba da lambobin GPS.

In kuɗin gwaji bai samu ba bana, kwalaben ba su ɓaci ba. Firiza ta fi, amma inda wuta ba ta tsayawa, nama a cikin itanol mai ƙarfi yana jurewa in an ajiye shi a wuri mai duhu da sanyi-sanyi. Duk wata uku a duba murfi, wadda ta ƙafe a cika ta. Littafin fili kuma a ɗauki hoton kowane shafinsa a ranar da aka rubuta shi, a tura wa mutum biyu.